Sunan Tala a Bangon Lakol

Idan ka bi hanyar amalanke daga Gangara ka nufi kudu, akwai wani gari da za ka fara hango itatuwansa kafin ka hango rumbunansa. Mutanen garin suna son a yaba musu wannan, kuma in baƙo ya yaba sai ka ga kowa ya gyara zama kamar shi ya raini dajin da hannunsa. Yawancinsu ƙarya suke yi. Wadda ta fi kowa shan wahala a kan itatuwan nan wata mata ce mai suna Tala, kuma yau ba kowa ke amsa gaisuwarta ba.

Kakannin Tala daga ƙasar Katsina suka ƙetaro, aka ba su daji suka sare, suka kafa gida. Sun sare shi kuwa da gaske, don ko da Tala ta yi wayo ƙasar ta zama fayau, kana tsaye a bakin gari kana hango jakin da ke kiwo a garin gaba. Tana amarya aka yi yunwar nan ta tamanin da huɗu. Takan fita neman itacen girki da hantsi, ba ta dawowa sai azahar ta gota, da ɗan abin da bai isa tuwon dare ba. Ta yi girki da kashin shanu, ta yi da tushiyar kara, ta ga iska ta binne shuka sau uku a damina guda. Wasu sun manta da wannan zamani da zarar sun ƙoshi. Ita ba ta manta ba.

Da mijinta ya rasu ya bar mata gona guda a bayan gari, sai ta ɓullo da wani aiki da ya ba mutane dariya. A lokacin, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas kamar tafin hannu. Tala kuwa in ta zo sassabe ta tarar da toho a jikin tsohon kututture, sai ta zaɓi biyu masu ƙarfi ta bar su, ta datse sauran, ta ɗaura musu tsumma don kada mai wucewa ya ce bai gani ba. Aka ce raguwa ce, aka ce gonarta gonar ƙazama. Ta yi kunnen uwar shegu da su. Gawo ya tashi, kalgo ya tashi, da aduwa da magariya, gero ya riƙa yin kai a gindin gawon nan har maƙwabta suna leƙe. Shekaru suka wuce, sai ga mutanen furoje, wato wani shirin raya karkara, daga Maraɗi da mota, suka raɗa wa abin suna sassaben zamani, suka raba huluna da riguna masu hoton itace. Mazan da suka fi kowa yi mata dariya su suka fi kowa samun hula.

Aka kafa kwamitin tsaron itatuwa, maza tara. Aikinsu su kama duk mai sarar ɗanyen itace a gonar wani. To amma wa zai kama wa? Wannan surukin wancan ne, wancan ƙanin matar wannan. Kwamiti ya zauna a gindin bedi yana shan shayi, bai ga komai ba, bai ji komai ba. Tala kuwa kullum tana daji, in ba ta tsinkar tafasa tana tara 'ya'yan gawo, kuma ta san saran gatarin kowane namiji a garin kamar yadda ta san tarinsa. Sai ta fara zuwa gidan sakataren kwamiti, wani magidanci mai suna Munir, da sunan ta zo duba tsohuwarsa mai ciwon ƙafa. In ta gama gaisuwa sai ta tsaya a bakin ɗakinsa ta faɗi abin da ta gani.

"Inna Tala," ya ce mata tun ranar farko, "daga bakinki sai cikin odinatar. Ko Maigari ba ya ganin wurin da nike rubuta sunanki."

Munir ya yi lakol, wato makarantar boko, har kwaleji a Gazawa, shi ya sa aka damƙa masa kwamfutar furoje, wadda shi yake kira odinatar. A cikinta akwai jadawali mai gida shida jere daga hagu zuwa dama: rana, sunan mai sara, irin itace, gonar wa, hukunci, sai na ƙarshe, wanda ya kawo labari. Wannan na ƙarshen mutanen furoje suka ce dole a cika shi. Sau ɗaya a shekara, bayan an kai gero rumbu, akan yi taron gari a ajin lakol, a rufe tagogi da rana tsaka, a tada inji, a haska jadawalin a bango da majigi don kowa ya ga aikin kwamiti.

Majigin tsoho ne, hotonsa ɗan tsukakke kamar ƙyauren taga. Da zarar Munir ya soka wayarsa a jikin kwamfuta, sai fuskar kwamfutar ta ƙifta sau biyu, ta rage kanta daidai da abin da majigin zai iya ɗauka. Haruffa su kumbura, gida biyar su cika hoton, na shida ya faɗa can bayan gefen dama inda ba mai ganinsa sai an jawo shi da gangan. Munir ya lura da haka tun shekarar farko, ya ji daɗi. Akwai hanyar ɓoye gidan da hannu, amma ba a koya masa ba, shi kuma bai tambaya ba. Me zai sa ya wahalar da kansa, tunda majigi na yi masa gadi kyauta?

Tala ba ta yarda da abin da ba ta gani ba. Bayan taron farko ta jira mutane suka watse, ta ce ya nuna mata. Ba ta karatun boko, amma tana ƙirga. Ta ƙirga shida a fuskar kwamfuta kafin a soka waya, ta ƙirga biyar a bango bayan an soka. Ta sa ya cire ya sake, ta sake ƙirgawa. Sannan ta gyara gyalenta ta tafi gida da kwanciyar hankali.

Shekara bakwai ana haka. Aka rasa yadda kwamiti ke jin labari, har wasu suka ce kwamfutar ce ke gani daga sama. Sara ya ragu, daji ya cika, maza tara suka yi suna har a Agye.

A cikin shekarun nan ne abin da ta fi tsoro ya same ta. Tala tana da ɗan fari, Ishaku, kuma kamar kowace uwa mai kunya a ƙasar nan, ba ta taɓa kiran sunansa ba. A ɗakin kakarsa ya tashi. In ta kama dole ta ambace shi sai ta ce "mai amalanke", ko ta ce "wancan". Ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa ko yana jariri. Amma in ta dama fura mai kyau matarsa take ba wa ta kai masa, kuma 'ya'yan gawon da ta fi zaɓa san da ke ja masa amalanke ne ke cinye su. Tana sonsa fiye da sauran 'ya'yanta duka, ita da Allah kaɗai suka san haka.

Ishaku, wanda shi kaɗai ne bahago a mazan garin, ya shiga kai itace kasuwar Gazawa, kuma busasshe ba ya isar mai amalanke. Wata safiya ta hango shi yana kayar da gawo a gonar wani tsoho makaho. Ta aika masa ta bakin matarsa ya bari. Ya ce a gaya mata ta ji da gonarta. Ta sake aikawa, bai ko amsa ba. A watan nan 'yan gandun daji suka kama mutum biyu a garin gaba suka wuce da su gidan kaso. Tala ta kwana uku tana juya abin, ta ga gara hukuncin gida da na hukuma. Ta ɗauki gyale ta tafi duba mai ciwon ƙafa.

"Mai amalanken gidanmu ne," ta ce da Munir, idonta a ƙasa.

"Inna, masu amalanke sha ɗaya ne a garin nan."

"Ka san wanda nike nufi, ɗan nan."

"Na sani. Amma ƙa'ida ce mai kawo labari ya hwaɗi suna da bakinshi. Haka suka ce mamu."

Ta juya fuskarta ga bango. Shekara talatin da biyu sunan nan yana cikinta bai taɓa fitowa ba, ranar ya fito, a hankali, sau ɗaya. Munir ya buga shi da yatsa biyu. Ta fito ta bi ta bayan gari don kada a ga idonta, ta yi kuka har ta isa gida.

Kwamiti ya riƙe amalanken Ishaku da gatarinsa wata uku a ƙofar Maigari, aka sa shi ban ruwan dashe a garka, mata masu zuwa rijiya suna kallo. Ya rantse sai ya gano wanda ya kai shi. Zarginsa ya faɗa kan Ɗan Azumi, amininsa tun ɗakin kaciya, don gonarsa ce ke kusa da ta makahon. Ran kasuwa ya tare shi a gaban jama'a, ya fasa masa baki, haƙori guda ya fita. Suka daina magana. Tala ta ga wannan duka ta yi shiru, kuma a nan kam ba za a wanke ta ba. Ta ce a ranta ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ta bar bawan Allah yana yawo da giɓi da sunan munafuki har shekara uku.

Sai shekarar da furoje zai rufe. Aka ce manyan baƙi za su zo daga Maraɗi, suna son ganin aikin kwamiti tun daga farkonsa, ba na bana kaɗai ba. Suka zo da kyautar ban kwana, sabon majigi fari, ɗan ƙarami kamar kwanon sha, aka buɗe shi daga kwali a gaban kowa aka yi tafi. Aji ya cika maƙil. Maza a kan bencin 'yan lakol gwiwoyinsu a sama, mata a baya bisa tabarmi, Tala a bakin ƙofa inda iska ke shigowa. Aka rufe tagogi.

Munir ya buɗe jadawalinsa ya soka sabuwar waya. Kwamfuta ta ƙifta kamar yadda ta saba. Amma wannan majigin mai faɗi ne, yana ɗaukar fiye da abin da fuskar kwamfutar kanta ke ɗauka, don haka maimakon ta tsuke sai ta baje. Haruffa suka yi sirara, suka fito tas, haske ya kama bango daga kusurwa zuwa kusurwa. Bugu da ƙari jadawalin ya tashi daga gaban Munir ya koma bango gaba ɗaya, ya bar shi da shuɗin fili babu komai. Ya motsa yatsa yana neman 'yar kibiyar nan, ta ɓace masa.

Tala ta ɗaga kai ta yi abin da take yi kowace shekara. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ta sake ƙirgawa daga dama, ta sake samun shida.

A garin nan mutum ɗaya ke karanta wa jama'a abin da ke bango, Mushe Rilwanu, tsohon malamin lakol da ya yi ritaya, don Mushe ake ce wa malamin lakol a nan. Abin alfaharinsa a duniya shi ne bai taɓa tsallake ko ɗigo ba. In ya karanta takardar magani sai ya haɗa da sunan garin da aka buga ta. Ya miƙe da tsumagiyarsa, ya dubi bango, ya cire tabarau ya sa a aljihu.

"Kai, madalla da wannan na'ura! Yau ko makaho ya karanta."

Ya ɗora tsumagiya a layin farko ya bi shi daki-daki da muryar aji. Rana kaza, wane ɗan wane, kalgo biyu, gonar wane, an karɓe gatari. Tsumagiya ta matsa dama. "Wanda ya kawo labari, Tala Tahiru."

Aka yi ɗan gunaguni, kamar ba a ji da kyau ba. Ya sauka layi na biyu, ya ƙare da suna ɗaya. Munir ya zabura ya kai hannu zai fizge waya, sai babban baƙon ya riƙe masa hannu yana murmushi.

"A'a, Sakatare, kar ka taɓa, ya zauna daidai. Dubi yadda ya fito!" Ya ɗaga salularsa ya shiga ɗaukar hoton bango da jama'a.

Munir ya koma ya zauna. Da ya yi magana da ƙarfi, da ya ture hannun nan, da abin ya tsaya a layi biyu. Amma baƙo babba ne, ya zo da mota, shi kuwa Munir yana fatan a tuna da shi in wani furoje ya zo. Ya sunkuyar da kai yana ta neman kibiya.

A layi na uku Mushe Rilwanu ya gane abin da yake karantawa. Ya waiwayo. Daga benci aka ɗaga murya, "Ci gaba, Mushe! Karanta mamu duka!" Masu faɗin haka duk an taɓa karɓe musu gatari. Mushe ya gyara murya ya ci gaba, kuma a gaskiya bai yi kama da wanda aka tilasta ba. Da aka kai layi na goma ba ya ma ƙarasawa, da tsumagiya ta isa gida na shida sai aji ya amsa baki ɗaya kamar 'yan lakol, "Tala Tahiru!" a bushe da dariya. Baƙi suka ɗauka raha ce ta ƙauye, su ma suka yi dariya.

Ƙofa na gefenta, taku biyu ta fita. Ba ta tashi ba. Ba dariyar ce ta dame ta ba, ta sha dariyar garin nan tun tana da ƙuruciya. Layin da ke tafe take jira, tana kallon ƙeyar ɗanta a benci na uku, tana roƙon Allah inji ya mutu, ko mai ya ƙare, ko Mushe ya tsallake layi guda sau ɗaya a rayuwarsa.

"Ishaku Abdurrahaman. Gawo ɗaya. An riƙe amalanke wata uku."

Wannan karon ba wanda ya amsa. Mushe da kansa ya karanta gida na shida, a hankali, cikin shirun da har ana jin ƙugin inji a waje.

Ɗan Azumi ne ya fara motsi. Ya miƙe tsaye, ya sa yatsa ya ɗaga leɓensa ya juya wa jama'a giɓin nan hagu da dama. "Kun gani? Ishaku, ka ji ko a sake karanta maka? Tahi gida ka fasa bakin da ya kai ka, in ka isa." Wani ya ƙyalƙyale, wasu suka bi.

Ishaku ya tashi ya ratsa mutane. Sai da ya zo bakin ƙofa ya tsaya a kanta. Tunda aka haife shi ba su taɓa haɗa ido a gaban jama'a ba, ranar suka haɗa.

"Ashe kin iya hwaɗin sunana," ya ce. Ya sa takalmansa ya fita.

Baƙi suka ci tuwo da naman zabi a gidan Maigari, suka yaba yadda jama'a suka ba da haɗin kai, suka hau mota kafin la'asar. Washegari da Tala ta isa rijiya hira ta mutu, da ta juya baya aka ce, "A gaida Jandarma." Sunan nan na jami'in tsaro mai kame ya bi ta. Maza taran nan da suka ci suna da idonta, su suka fi kowa cewa macen da za ta tona ɗan cikinta ba abin da ba za ta iya ba. Ishaku ya kafa danga ta raba gidan biyu, ya fasa wata ƙofa ta baya. Furar da ta aika aka dawo mata da ita a rufe yadda ta tafi.

Kwana goma bayan taron, da hantsi, tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, Munir ya yi sallama ya shigo da kwamfuta a hammata. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ba da haƙuri, ya ce tsautsayi ne. Sannan fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce ya je Gazawa wani ya nuna masa, ashe abin ba wuya. Ya buɗe ya juyo mata fuskar.

"Dubi, Inna. In na danna nan, na danna nan, shi ke nan ya ɓace. Yanzu ko wane majigi aka sa ba ya hitowa."

Ta duba. Biyar ne. Danni biyu, bai kai tsawon ɓare gyaɗa guda ba.

"To," ta ce.

Ya sosa ƙeya. Ya ce tun ranar nan ba wanda ya kawo wa kwamiti labari ko guda, ga sara ko'ina, mutane sun ga furoje ya tafi. Ya ce ko akwai abin da ta gani.

Kafin ta amsa sai ƙarar gatari ta taso daga bayan gari, kusa ƙwarai. Sara biyu a jere, hutu, sara biyu a jere. Mai saran bahago ne, kuma ba ya gaggawa, ba ya ɓoyo, da rana tsaka yake abinsa. Hannun Tala ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Kamar daga gonarki ne," in ji Munir. Ya gyara kwamfutar a cinyarsa. "Ba sai kin hwaɗi suna ba wannan karon. Ni zan hwaɗa, ke ki ɗaga kai kawai."

Ta dube shi har sai da ya kawar da ido.

"Ban ji komi ba," ta ce. "Kunnena ya yi nauyi kwanan nan. Rufe abinka ka tahi, ka gaida mai ƙafa."

Bai tafi ba. Suna nan zaune aka ji ƙarar tsagewa, sannan faɗuwa mai nauyi da ta sa kaji suka watse. Daga wajen da ƙarar ta fito ta san wanne itace ne, babban gawon kusurwar gabas, wanda ta fara ɗaura wa tsumma shekarar da ta fita takaba. Ta ɗauki gyaɗa guda ta matsa, ta kasa fasa ta.

Aka yi shiru gwargwadon mutum ya sha ruwa ya share zufa. Sai gatarin ya soma a kan na biyu.